Notin da Ba a Ɗiga wa Gangamau Ba

Kwana uku da zuwan labarin mutuwar Baba Kumare tabon farko ya fito. Mudassir ya shiga ɗakin inji da hantsi, hannu goye a baya irin na manajoji, sai idonsa ya faɗa kan wani noti a jikin babban injin matsar gyaɗa. Ɗigo ne rawaya, daidai faɗin babban yatsa. Ya tsaya cak. Shekara shida ke nan ba wanda ya shigo da gangamau kamfanin nan, kuma shi da kansa ya sa aka shafe injunan da koren fenti har shafi biyu.

Ya ƙwala wa Garba makanike kira. Garba ya zo yana jan ƙafa, ya sunkuya, ya kankari wurin da farce.

"Ranka ya daɗe, ba a sama yake ba. Daga ƙarƙashin fentin yake fitowa. Gangamau in an kwaɓa shi da man gyaɗa haka yake, komai daɗewa sai ya huda."

"Shekara shida bai huda ba sai yanzu?"

Garba ya goge hannu da tsumma ya ce shi dai makanike ne, iyakar abin da ya sani ke nan.

Wanda bai san Baba Kumare ba sai ya ce mene ne abin tashin hankali a ɗigon kayan miya. To bari in faɗa muku. Sunansa na gaskiya Kumaresan, mutumin kudancin Indiya, amma bakin mutanen Gaya bai da lokacin wannan doguwar tafiya, sai suka datse shi. Yana saurayi ya zo Kano gyaran injunan wata masaƙa. Da masaƙar ta mutu 'yan uwansa suka tattara suka koma gida, shi kuwa ya bi ƙanshin gyaɗa har bakin hanyar da ta tashi daga Gaya zuwa Ajingi, ya kafa inji ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano. Kafin furfura ta gama cinye masa kai, mutum saba'in ke ci a wurin, kuma manoman Balan da Kademi da Gafasa sun daina kai gyaɗarsu nesa.

Bai taɓa yarda a kira shi mai kamfani ba. Cewa yake ajiya aka ba shi, kuma a garinsu babba a wurin sana'a kamar babban wa yake a gida: shi ne na ƙarshen cin abinci, shi ne na farkon amsa laifi. Da gaske kuwa yake, don sai kowa ya ɗebi abincin rana sannan za ka gan shi da ɗan kwanonsa yana kankare gindin tukunya. Ya san sunan matar kowa da 'ya'yan kowa, ko da yake rabinsu a karkace yake faɗa.

Sai kuma ranar hutun inji. Kowace shekara, ƙarshen damina, daidai lokacin da sabuwar gyaɗa take fara shigowa kowa na rawar jiki, sai Baba ya kashe komai na yini guda. A ƙasarsu rana ce ta ibada, ana wanke kayan sana'a a yi musu ado. Ya san ma'aikatansa Musulmi ne, don haka tun shekarar farko ya je ya sami limamin masallacin wurin, Malam Muhammad Auwal, suka zauna suka raba abin gida biyu. Nasa na addini ya shige da shi ɗakinsa ya rufe ƙofa. Abin da ya rage a waje shi ne kowane ma'aikaci ya kwance injin da yake aiki a kai, ya wanke, ya sa giris, ya ɗaure kowane noti da hannunsa. Baba na biye da ɗan gwangwanin gangamau. Notin da aka ɗaure ya gwada da sifana ya ji ya kama, sai ya dangwala masa babban yatsa. Notin da ba ɗigo kuwa ba a gama da shi ba, kuma ba za a tayar da inji ba sai an gama.

Mudassir ɗan Kademi ne, ya zo wurin da takardar difiloma ta harkar kasuwanci da kuma ilimin addini daidai wanda ke sa yaro ya riƙa gyara wa kakansa alwala. Duka biyun sun ce masa ranar nan ba ta yi ba. Takardar ta ce asarar yini guda ce a tsakiyar kaka. Ɗaya ilimin ya ce shafa wa ƙarfe gangamau da bakin Ba'indiye yana motsi, ai ba sai an tambaya ba. Ya taɓa faɗa wa Baba haka ido da ido, don ba shi da tsoro a lokacin.

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mudassir, inji ba Allah ba ne, ni ma na sani. Amma shi yana ba ni abinci, yana ba ka. Wanda yake ba ka abinci, rana ɗaya a shekara ka tambaye shi ina yake ciwo."

Maimakon ya kore shi, sai ya jawo shi jiki. Ya koya masa sayen gyaɗa, ya koya masa gane mai daga ƙanshi, ya riƙa ce wa baƙi ga wanda zai riƙe ajiyar bayansa. Mudassir ya so mutumin nan ƙwarai, kada wani ya ce muku bai so shi ba. Ya dai ɗauka ya fi shi wayewa ne.

Shekarar da zuciyar Baba ta matsa aka tafi da shi Indiya a yi masa aiki, sai riƙon kamfani ya faɗo hannun Mudassir. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar fiye da kima, buhuna har bakin titi. Da ranar hutun inji ta zo, Mudassir ya tara ma'aikata ya ce bana babu, za a yi in aiki ya lafa. Washegari Baba ya bugo waya daga gadon asibiti, muryarsa can ƙasa.

"An yi?"

"An yi, Baba."

"Duka noti?"

"Duka."

Bayan sati biyu Kabo ya same shi a ofis. Kabo mutumin Gafasa ne, shi ke kan babban inji tun ranar da aka kafa shi, mutum mai sanyin magana da ba ya shiga ofis sai dole. Ya cire hula ya ce, "Manaja, babban fulin nan yana wani kuka da ban san shi da shi ba. Da an ba ni rabin yini na duba." Ba kowa a ofishin sai su biyu. Mudassir ya ce ya yi haƙuri zuwa Juma'a ta sama.

Ranar Laraba notin fulin ya kwance. Fulin, wato ƙaton faifan ƙarfen da bel ke juyawa, ya fita da gudu ya sami Kabo a ƙirji. Kafin a kai shi asibitin Gaya rai ya yi halinsa.

Baba ya dawo da ɗinki a ƙirji, likitoci na hana shi. Daga mota ɗakin inji ya wuce. Ya bi notin nan ɗaya bayan ɗaya da ido, ya ga ɗigon bara ne duk ya dushe, babu sabo ko ɗaya. Ya juyo ya dubi Mudassir. Mudassir ya jira zagi, ya jira kora, har addu'a yake a mare shi. Baba bai ce komai ba, sai ya ce a kai shi Gafasa.

A can ne ya yi kuskuren da Bahaushe ba zai yi ba. Mu a wurin gaisuwar mutuwa abin da muka sani shi ne kwana ya ƙare, Allah Ya jiƙan rai, a shafa a tashi. Shi kuwa Baba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban 'yan uwan Kabo, ya haɗa tafin hannuwansa yana kuka ya ce, "Laifina ne. Ni na kashe shi." A tarbiyyarsa haka babba yake yi. Mutanen da ke zaune kan tabarmi kuwa suka dubi juna.

Kafin sadakar bakwai magana ta gama Ajingi ta tsallaka Gaya. Sai ka ji ana cewa dama mun faɗa. Wane ne zai rufe ɗaki yana ƙona turare ranar da ake shafa wa inji abu? Wasu suka ce jinin shekara ne ya bayar. Wasu suka ce a'a, bana ne ba a ba injin abin da ya saba ba, shi ya sa ya ɗauka da kansa. Ko ta ina aka juya, Ba'indiye ne matsafi, kuma ai da bakinsa ya amsa. Malam Muhammad Auwal ya yi ta faɗa a masallaci har ya gaji. Barira, matar Kabo, ta rantse man kamfanin ba zai ƙara shiga tukunyarta ba, kuma duk buhun hatsin da Baba ya aika mata sai ta sa a mayar.

Baba ya ji komai. Ya ce a daina sa gangamau, tunda yana tsorata mutane. Da ciwon ya sake tashi ya miƙa wa Mudassir makullai ya koma ƙasarsu. Mudassir ya sa aka yi fenti, ya ɗauko injiniyoyi daga Kano masu zuwa da takardar cikewa. Kamfani ya ci gaba, har ya ƙara girma. Sau nawa ya zauna a majalisa ana cewa Ba'indiye ya ci Kabo, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana danna waya? Shi kansa bai san adadi ba.

To yanzu Baba ya mutu, 'yarsa Malati tana tafe ranar Asabar don taron tunawa da shi, an kuma ce Manaja ne zai yi babban jawabi. Ya rubuta shafi huɗu masu kyau a kan yadda Baba ya ɗauko hikimar kakanninsa ya gina kamfani da ita: riƙon amana, shugaba mai ci a ƙarshe, girmama kayan aiki. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma duk sanda ya karanta sai ya ji kunya ta rufe shi, don ya san abin da ya tsallake.

Ɗigon nan kuwa bai tsaya a ɗaya ba. Ranar Talata sun zama tara. Ranar Laraba ƙananan injuna ma sun fara. Ma'aikata suka riƙa shiga ɗakin da bisimilla a bayyane, biyu suka ce ba su da lafiya. Mudassir ya sa aka goga da kananzir, aka sake shafa fenti, zuwa la'asar rawayan ya sake lekowa. A cikin rugugin inji da rana tsaka sai Mudassir ya riƙa jin wani siririn kuka daga wajen babban fuli, ya kira Garba, Garba ya kasa kunne ya ce shi bai ji komai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga shi kaɗai ya tsaya gaban babban injin. Kowane noti ya fito da tabonsa, layi-layi, yatsan Baba na shekara da shekaru. Guda ɗaya ne kawai babu: notin babban fuli, wanda aka sa sabo bayan mutuwar Kabo. Ya san dalili sarai, yatsan Baba bai taɓa hawa kansa ba.

Malati ta iso da safiyar Asabar. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan boko. Bayan gaisuwa ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan gwangwani da ya sha hannu har ya yi sulɓi.

"Baba ya ce in ba ka wannan hannu da hannu. Ya ce saura ɗaya, ka san shi."

Mudassir ya karɓa. Gwangwanin ba nauyi, amma sai da ya nemi kujera.

"Sannan ya ce kafin a yi kowane taro in je in gaida matar Kabo," in ji ta. "Har ranar da zai cika sunan mutumin nan yake kira. Za ka kai ni?"

Ya so ya ce hanya ba kyau. Ya so ya ce a bari sai bayan taro, yadda ya ce wa Kabo a bari sai Juma'a. Da ya ji kalmar tana hawowa maƙogwaronsa sai ya tsorata da kansa, ya ɗauki makullin mota.

A Gafasa ana ta fizgar gyaɗa, kowace ƙofar gida da tarin harawa. Ƙanen Kabo, Ja'afar, ya shimfiɗa musu tabarma a zaure ya shiga ya yi musu iso. Barira ta daɗe kafin ta fito. Ta tsaya daga bakin ƙofar ciki, lulluɓe da mayafi, hannunta duk ƙasar gyaɗa. Ta gaida Mudassir da mutunci, har tana tambayar iyali. Malati kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba.

Malati ta durƙusa. "Baba ne ya aiko ni, Yaya Barira. Ya rasu. Ya ce in roƙe ki..."

"Na ji ya mutu," in ji Barira. "Yanzu ya je inda tsafi ba ya aiki. Ubanki ya cinye mini miji ya bar ni da 'ya'ya biyar, sannan ya aiko ki da roƙo? Manaja, don darajarka na fito. Ka tashi ka fitar mini da ita."

Malati ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tabarma, ba ta ce uffan ba. Irin shirun ubanta ne sak, kuma shi ne abin da Mudassir ya kasa ɗauka karo na biyu.

"Yaya Barira, ba shi ba ne."

Ta dube shi.

"Ba tsafi a ciki. Gangamau alama ce kawai ta an ɗaure noti. Ni na hana a duba injin a shekarar, na kuma yi wa Baba ƙarya a waya na ce an duba. Kabo ya same ni a ofis ya ce fulin yana kuka, ya roƙi rabin yini. Na ce ya bari sai Juma'a. Baba ya sani tun ranar da ya dawo. Ya rufa mini asiri ne, ni kuma na bar shi a ciki."

Ja'afar ya miƙe tsaye, ya sake zama. Barira ta dafa bango ta sulale ƙasa a hankali.

"Ya faɗa mini," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ranar Talata da yamma ya ce injin yana kuka, ya gaya wa na sama. Na ɗauka Ba'indiyen yake nufi." Ta ɗago. "Kai ne ka zo nan ranar uku ka ja mana addu'a."

"Ni ne."

"Kai kake tsayar da mota kana gaishe ni a kasuwar Ajingi."

"Ni ne."

"Shekara shida, Mudassir." Yau ba Manaja. "Shekara shida ba sallar da na idar ban kai ƙarar bawan Allahn nan ba. Na koya wa 'ya'yana tsine masa tun kafin su iya wanke hannu. Ya aiko da hatsi na mayar, muna kwana da yunwa na mayar. Mijina kwanansa ne ya ƙare, wannan na iya haƙura. Amma hakkin mutumin nan da ka ɗora mini fa? Ka bari sai da ya mutu. Yanzu ina zan gan shi in ce ya yafe mini?"

Duk tsawon hanya Mudassir yana shirya yadda zai roƙi gafarar ran Kabo, bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Barira ta matsa ta kamo hannun Malati da hannunta mai ƙasa, ta riƙe gam, su biyun suna kuka. Da Mudassir ya ce ta yafe masa, ba ta juyo ba.

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ka je. Akwai mazan mutane a gaban injin nan yanzu haka."

Ya bar Malati a can ya komo shi kaɗai. An kafa rumfuna, an jera kujeru, manyan baƙi sun fara isowa, inji kuwa na ta ruri don an ce kada taro ya tsayar da aiki. Ya wuce su duka ya shiga ya kashe babban layin wuta da hannunsa. Rugugin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Shekara shida rabon da a ji shiru irin wannan a wurin da rana, har kukan kurciya ana ji daga kan rumfa.

Ya fito ya tsaya gaban lasifika, takardunsa huɗu na aljihu bai taɓa su ba. Abin da ya faɗa a zauren Gafasa shi ya maimaita, bai rage ba. Ya ce makullan kamfani suna kan tebur, in Malati ta dawo ta ba wanda ta ga dama. Wasu suka yi salati, wasu suka kau da kai, waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar tsafi suka fi kowa kallon ƙasa.

Sannan ya tuɓe babbar riga ya ce Garba ya ba shi sifana. Ma'aikata suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nufi injinsa ba tare da an ce masa ba. Mudassir ya ɗora sifanar a kan notin babban fuli ya ja. Notin da takardar injiniyoyi ta ce lafiyarsa ƙalau ya juya, ya sake juyawa, sai a na uku ya kama. Garba ya ce innalillahi a hankali, ya dubi mutumin da ke aiki a gaban fulin tun safe.

Mudassir ya buɗe gwangwanin. Gangamaun ya bushe ya dunƙule, sai da ya ɗiga masa man gyaɗa ya murza. A tsakiya akwai ɗan rami da yatsan Baba ya bari. Ya sa nasa yatsan a ciki, ya dangwala wa notin.

Ya daɗe tsaye da yatsa a miƙe, yana jiran ya ji sauƙi. Mutumin da zai juya ya ce wa "An yi, Baba, duka" ba ya nan, kuma sau ɗaya tak aka yi masa tambayar.